Kwana Goma a Ghuddwa

Ni ce na tura Nasirou Ghuddwa. Gara in faɗa da bakina tun da fari kafin wani ya riga ni, don na san halin mutanen gidan nan. Ba wanda ya ɗaure shi ya jefa a mota, amma harshena ne ya kai shi, kuma harshena in ya kama mutum ba ya saki da wuri.

Sunana Talatou, 'yar Tasawa ce ni. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tuƙa tuwo a Mahdiya, wata unguwa a garin Larabawa can ƙetaren sahara, cikin gidan haya mai ɗaki bakwai da famfo ɗaya. Leburori ke ci a wurina, masu gini da masu dako da 'yan gona. Ɗakin Nasirou da matarsa Chafaatou yana kallon murhuna, saboda haka ko tari suka yi ina ji. 'Yan Matamaye ne su biyun. 'Yarsu ɗaya, Oumoul Khairi, muna ce mata Oumou, shekararta biyu da rabi. A ɗakin nan aka haife ta, ni na yanke cibi, kuma ba ta da wata takarda a duniya, ko ta ƙunshe ƙosai.

Abin da ya haɗa ni da su shi ne yadda suke renon yarinyar nan. Sun raba mako biyu kamar masu rabon gado. Asabar da Litinin da Laraba, Nasirou zai tafi mahatta, bakin titin da maza ke tsayuwa su jira mai neman lebura, Chafaatou tana gida da Oumou. Lahadi da Talata da Alhamis, Chafaatou za ta fita tun da asuba zuwa unguwar Hajara, gidan wata Hajja Lubna inda take shara da wanki, shi kuma ya zauna. Juma'a ta kowa ce. Ba sa taɓa fita rana ɗaya, ko da aikin zinariya aka kira su.

Na san dalili, ba zan ce ban sani ba. Shekarar da aka haifi Oumou, an yi kamen baƙi marasa takarda a garin nan, aka ɗauke wani maƙwabcinmu a mahatta, aka ɗauke matarsa a kasuwa, duk a safiya ɗaya. Ɗansu na goye yana ɗaki a kulle, sai da aka ɓalle ƙofa. Wata mata ta ce za ta riƙe shi, daga baya ita ma ta tashi daga unguwar, har yau ba wanda ya san inda yaron yake. Nasirou na cikin waɗanda suka ɓalle ƙofar. Tun daga ranar ya ce 'yarsa ba za ta yini ba sai a hannun ɗayansu.

To, wannan na yarda. Amma in tsoro ne, me ya hana matar ta zauna ɗungurungum shi ya fita kamar kowane namiji? Da na tambaye shi, ya ce aikin mahatta yau akwai gobe babu, na Hajja Lubna kuwa tsayayye ne, ba za su sake shi ba. Ya ƙara da cewa in an ɗauke uwar, me zai yi da yarinyar da bai san yadda ake yi mata wanka ba? Na ce masa ya tofar da yawu, bakinsa ya sari ɗanyen kashi.

Kai, na ga abu a tsakar gidan nan. Ƙato mai gemu, wanda ke ɗaukar buhun siminti biyu a kafaɗa, ya durƙusa gaban famfo yana wanke ɗan kamfan yarinya. Ya dama kunu ya yi ta juya shi tsakanin kofi biyu har ya huce, don gimbiyar ba ta shan mai zafi. Har kitso ya koya. Na farko da ya yi mata ya fito kamar hanyar tururuwa, na yi dariya har na ƙware, amma kafin wata uku ya fi uwar iyawa. In ya wuce da robar wanki nakan ce masa, sannu da aiki amarya, masu cin tuwo su kwashe da dariya. Shi dai murmushi, ya ce Inna ke nan, ya wuce. Wannan murmushin ya fi komai ƙona mini rai, don mutum in ba ya jin haushi ba ka san ta inda za ka kama shi ba.

Da damina ta wuce a gida, a nan kuma dabino ya nuna, sai gari ya fara canjawa. Ni a tukunya nake gane labari. Tuwon da ke ƙarewa kafin la'asar ya fara kwana. Mutum ya ci yau, gobe ka zuba masa nasa ka rufe, bai zo ba, jibi bai zo ba. Ka tambayi abokinsa ya ɗaga kafaɗa ya dubi ƙofa. Aka ce wasu fararen motoci marasa lamba suna yawo da hantsi, lokacin da titi ya cika, su tsaya a mahatta ko a mararraba su ce kowa ya fito da takarda. Aka ce wannan karon ba tsarewa suke yi ba, tarawa suke yi a cika kamiyo, manyan motocin kayan nan, a nufi iyaka. Masu shago suka fara rufewa da wuri. Hatta yaran unguwa sun rage ƙwallo a layi.

A cikin wannan hali wani Mansour, mai tara wa masu gonaki ma'aikata, ya zo cin tuwo ya ce yana neman mutum shida masu iya hawan dabino, aikin kwana goma a Ghuddwa, ci da kwana duk a gona. Ya dubi Nasirou, don kowa ya san shi gwanin hawa ne. Ranar Talata ce, Oumou na kan cinyarsa yana ba ta shinkafa da hannu. Nasirou ya ce a ba wani, shi ba ya kwana waje.

Na ajiye muciya na fuskance shi gaban mutum goma sha. Na ce maza na tsallaka sahara su bar 'ya'ya goma a gida, shi ya tsallako ya zo ya zama mai reno. Na ce in uwarsa ta ji a Matamaye cewa ɗanta ya ƙi aiki don kitson 'yar shekara biyu, da wane ido za ta dubi mata a gidan suna? Na ce Ghuddwa ai ta fi nan kwanciyar hankali, wa zai bi mutum cikin gona da farar mota? Sannan na buga ƙirji na ce kwana uku ne kacal a mako uwar ke fita, a kawo mini yarinyar, ni da na reni shida suka girma har da jikoki. Na rufe da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

Ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Nasirou ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da ba yarinyar abinci har ta ƙoshi, ya wanke mata hannu da baki. Ranar ban ga murmushin ba.

Chafaatou ta zo wurina da yamma bayan ta dawo. Yarinya ce mai sanyin magana, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ta durƙusa ta ce, Inna, ba don an raina ki ba ne, yarinyar ce ba ta saba da hannu na uku ba. Na ce yaro ai ɗan sabo ne, kwana ɗaya ya isa. Ta ɗauki tsinke tana zane a ƙasa. Asabar da safe Nasirou ya ɗauki igiyarsa da lauje ya hau motar Mansour.

Lahadi aka fara. Chafaatou ta saba fita kafin gari ya waye, ta bi ta lunguna ta isa Hajara titi bai tashi ba, don duk aikin safe na yarinya Nasirou ke yi a ranakunsa. Ran nan da ta miƙo mini Oumou, yarinyar ta buɗe ido ta ga ba ubanta ba ne, ta sandare. Na ba ta kunu ta ture. Na juya shi a kofi biyu kamar yadda na ga yana yi, ta dubi hannuna ta kau da kai. Na kai ta famfo ta ƙanƙame ƙarfen ƙofa tana kuka irin wanda numfashi ke ɗaukewa. Uwar ta kai bakin zaure ta dawo. Ita ta yi wankan, ita ta ba da kunun, ta goya ta har ta yi barci, sannan ta zame ta fita. Rana ta riga ta hau katanga.

Ta dawo lafiya. Ta ce ta ga motocin daga nesa a mararraba, ta shige wani shagon ɗinki har suka wuce. Na ce ai ga shi nan, Allah na tsarewa. Amma gabana ya faɗi, kuma ban faɗa mata ba.

Talata Oumou ta gane dabarar. Ta ƙi barci. Duk lokacin da uwar ta motsa sai ta damƙe mata zane. Na ce wa Chafaatou ta haƙura da zuwa yau, ta ce Hajja tana da baƙi, in ta ƙi zuwa za a sa wata a gurbinta. Sai da hantsi ya dubi ludayi ta samu ta fita, tana gudu-gudu, ɗankwalinta a hannu. Na bi bayanta da kallo har ta sha kwana.

Da azahar wayata ta yi ƙara. Hajja Lubna ce, da 'yar Hausarta ta kasuwa, tana tambaya me ya hana Chafaatou zuwa.

Ban san yadda na sauke tukunyar ranar ba. Na kira wayar Chafaatou, a kashe. Na kira ta Nasirou ya fi sau talatin, ba ta shiga, ashe a gonar sai an hau tudu ake samun layi. Na aiki duk wanda ya zo cin tuwo ya tambayo. Wani ya ce an kwashi mata a mararraba da hantsi, har da mai tallan gyaɗa. Laraba na samu Adam, direban da ke ɗauko dabino daga Ghuddwa, na roƙe shi don Allah don Annabi ya nemo Nasirou. Ya ce motarsa na gareji, sai Alhamis da yamma zai tafi, ya juyo Juma'a.

Kwana biyun nan Oumou ta daina kuka, kuma shirun ya fi kukan tayar mini da hankali. Takan je ta zauna a dokin ƙofar ɗakinsu ta zuba wa zaure ido. In na kawo abinci ta karɓi loma biyu ta rufe baki. Kitson da ubanta ya yi mata ya fara tsufa, na kai hannu in gyara, ta dafe kanta da hannu bibbiyu.

Alhamis da safe wata baƙuwar lamba ta kira. Muryar mace ce, tana raɗa. Ta ce tana tare da Chafaatou a wani tsohon sito bayan gari, an ce yau bayan azahar za a loda su. Ta ce masu gadi sun ce duk wadda ta bar ɗa a gari a kawo mata shi kafin a tashi, in an tashi shi ke nan. Kafin in ce a ba ni Chafaatou, layin ya yanke.

Ban tsaya tunani ba, don a ganina ba abin da za a tuna. Ɗa na uwa ne, haka na taso na gani, haka na yi ta faɗa a gidan nan shekara biyu. Na ƙulle kayan Oumou a ɗankwali, na cika jarka biyu da ruwa, na zuba dabino da ƙuli-ƙuli a leda. Na ɗauki tsohon fasfona da duk ya yi laushi, na samu mai tasi da ya yarda ya kai ni kusa, ya ce ba zai matsa ba, a bakin hanya zai jira.

Wurin fili ne fetal, ba ko bishiya. Dogon sito mai rufin kwano, an zagaye shi da waya. Kamiyo uku a jere, irin manyan nan masu buɗaɗɗen baya, an riga an cika ɗaya da maza, suna tsaye a matse ba wurin zama, kowa ya naɗe fuska. Abin da kake ji kawai inji ne da kukan wani jariri daga ciki. Mata biyu na gabana da yara, aka kira iyayen, aka miƙa ta ƙaramar ƙofa, aka rubuta a takarda.

Na faɗi sunan Chafaatou, wani mai bindiga ya shiga ya fito da ita. Kwana biyu kacal, amma leɓɓanta sun tsage, ƙafa ɗaya ba takalmi. Oumou na ganinta ta yi wani irin zillo a hannuna har ta kusa faɗuwa, ta miƙa hannaye ta cikin wayar.

Chafaatou ta tsaya taku biyu daga wayar. Ta dubi yarinyar, ta dubi ƙullin kayan da jarkokin, ta dubi kamiyon. Sai na ga ta mai da hannayenta baya ta harɗe su.

"Inna, wa ya ce ki kawo ta?"

Na ce an kira ni, an ce a kawo. Na ce ta karɓi 'yarta, lokaci na tafiya.

"Na bi hanyar nan da na zo," in ji ta, a hankali. "Na ga inda aka tona rami da hannu aka sa yaron wata. Ya fi wannan girma."

Na ce to wa za ta bar wa? Uba ai ba uwa ba ne.

"Yau Alhamis, Inna. Ranarsa ce. Ki mayar masa da ita."

Na fara kuka, ni da ban yi kuka ba ranar da aka binne mijina. Na ce to ta faɗa mini abin da zan gaya masa, maganin da ake ba ta in zazzaɓi ya tashi, abin da take ci da wanda ba ta ci. Ta girgiza kai ta ce ba sai an gaya masa komai ba, ya sani.

Mai bindigar ya gaji. Ya matso da takardarsa ya yi magana da Larabci, wani ɗan Agadas da ke yi musu tafinta ya juya mana. Ya ce in 'yarta ce a shigo da ita a rubuta, doka ce, ba a barin ɗan wadda aka kora a gari. In kuma ba tata ba ce, tsohuwa ta kwashe kayanta ta ba su wuri. Ya tambaye ta, tata ce ko ba tata ba ce?

Oumou tana ta kiranta, yatsunta a cikin wayar. Chafaatou ba ta dube ta ba. Ta dubi tafintan ido cikin ido.

"Ba tawa ba ce. Jikar tsohuwar nan ce, sallama suka zo yi mini."

Aka juya da ita. Na tura jarkokin da ledar ta ƙaramar ƙofa, ban sani ba ko sun kai hannunta. Sai da na ɓamɓare yatsun yarinyar ɗaya bayan ɗaya daga jikin wayar. Mai bindigar ya dubi fasfona a juye, ya dubi furfurata, ya yi mini alama da baki in tafi. Muna cikin tasi na ji kamiyon farko ya tashi.

Nasirou ya iso Juma'a ana fitowa daga masallaci, a saman buhunan dabino, tafin hannunsa duk ƙaya ta farfasa. Adam ya riga ya gaya masa rabi. Sauran rabin ni na faɗa, a tsaye a tsakar gida, ban rage komai ba, har da kai yarinyar da na yi bakin waya da abin da uwar ta ce. Na so ya zage ni, wallahi na so. Da ya ɗaga murya ya ce Inna kin cuce ni, da na samu sauƙi. Ya durƙusa, Oumou ta taho ta shige ƙirjinsa ta ƙanƙame wuyansa. Ya daɗe a haka. Daga baya ya ɗora ruwa, ya tsefe mata kai, ya yi mata wanka, ya dama kunu. Ta shanye kofi guda ta nemi ƙari.

Washegari Asabar. Na tashi da wuri na share gaban murhu na shimfiɗa tabarma, don na san dole ya fita nema, kuma yanzu ba wani hannu a gidan sai nawa. Na ji motsinsa a ɗaki ya daɗe. Da ya fito, zanen Chafaatou ne a hannunsa, shuɗin nan da take zuwa suna da shi. Ya sunkuya ya ɗora yarinyar a baya, ya ja zanen ya ɗaure a ƙirji, ya sake ɗaurewa a ciki, ya yi tsalle kaɗan ya ji ko ya kama. Ya rataya gorar ruwa, ya ɗauki shebur.

Na sha gabansa a bakin zaure. Na ce ya bar ta wurina, na rantse ko ƙofa ba za ta leƙa ba. Na ce wa zai ɗauki lebura da goyo? Na ce mahatta ce fa, ɗan nan, can suke fara zuwa.

"Na sani, Inna," in ji shi. "Shi ya sa. In sun zo su same mu tare."

Na kauce. Ya fita, maza biyu da ke zaune a ƙofar gida suka ɗaga kai suka dube shi, suka mai da idonsu ƙasa. Ya miƙe layin bai waiwaya ba, shebur a kafaɗa, ƙafafun Oumou suna lilo a kwankwasonsa, ya nufi titi daidai lokacin da rana ke hawa katanga.